Baƙin da Ke Ratsa Kwamfutar Uwaliya

Duk wanda ya taɓa neman aiki a Ikara, ko ya rubuta takardar koke, ko ya so a buga masa katin ɗaurin aure, da wuya a ce takardarsa ba ta bi ta hannun Uwaliya mai tafireta ba. Shekara ashirin da shida ta yi a sakatariyar ƙaramar hukuma tana buga wa manya wasiƙu, tana gyara musu Turancin da suke tinƙaho da shi ba tare da ta ce musu uffan ba. Da ta yi ritaya sai ta kama ɗan shago a bakin titi, daura da inda 'yan acaba ke tsayawa, ta sa kwamfuta ɗaya da firinta da benci. Tafiretar ta daɗe da mutuwa, amma sunan ya ƙi sakin ta.

Ni taubashinta ne, ɗan kawunta. Sunana Ɗan'azumi, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Makarfi. Tun muna yara a Paki muke tsokanar juna, kuma har yau ita kaɗai ce a duniya za ta kira ni malamin sifiri in yi dariya. Duk zangon karatu nakan hau mota in kawo mata tambayoyin jarrabawa ta buga, alhali akwai masu bugawa birjik a Makarfi. Hirar nake zuwa yi.

Ɗanta na fari sunansa Zakiyyu. Daga bakina kaɗai za ku ji wannan suna, don ita ban taɓa ji ya fito daga nata ba. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta irin riƙon mutanen da. Ana yaye shi aka kai shi Paki wajen kakarsa, ya tashi yana ce wa kakar Inna, uwarsa kuwa Yaya, yadda ya ji ƙannenta suna kiran ta. In zancensa ya zama dole sai ta ce "yaron Inna" ko "wancan na Paki". Ba ta taɓa ɗaukar sa a gaban mutane ba. Ranar da ya zo na ɗaya a makarantarsu ana ta yi mata barka, ta ce ita ba ta ma san an yi jarrabawa ba.

Wannan abu ya daɗe yana ba ni haushi, na kuma sha faɗa mata. Matar da ta iya kwamfuta tun shugabannin ofis ɗinsu ba su san inda ake kunna ta ba, a ce ba za ta iya ce wa ɗan da ta haifa sannu ba?

"Ni boko bai cire mini kunya ba," in ji ta. "Kai ne ya sheme."

Amma na san abin da na sani. Ni take ba ƙunshin dambun nama da ƙuli-ƙuli ta ce, "Kayan nan sun yi mini yawa, ka duba ko akwai mai so a Paki." Akwai mai so, mutum ɗaya ne tak, kuma dukanmu mun san shi.

Zakiyyu ya samu gurbin karatun haɗa magunguna a wata ƙasa mai nisa. Ba zan faɗi sunanta ba, don har yanzu akwai 'ya'yan mutane a can. Yana shekara ta biyu ubansa Haliru, direban bas a hanyar Zariya, ya rasu. Daga nan kiran da yake yi wa uban ya dawo kaina. Ni kuma da gangan nake zuwa Ikara ranar Asabar, in zauna a bencin Uwaliya, in buɗe muryar wayar yadda duk shagon zai ji. Ita tana can ta ba mu baya tana bugu, wai ba ruwanta. Wani zango sai da na tarar da layi biyu na shirme tsantsa a tsakiyar tambaya ta bakwai, haruffa barkatai babu ma'ana. Na tuna daidai lokacin da take buga wajen ne yake ba ni labarin zazzaɓin da ya yi. A duk shekarunta na aiki ban taɓa kama ta da kuskure ba sai wannan.

A shekararsa ta uku rikici ya tashi a ƙasar, hukumomin can suka toshe manhajojin kira da na saƙo. Kwana goma sha ɗaya ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ran nan sai ga saƙon murya ya faɗo wayata, na kwaso shi da gudu zuwa Ikara.

"Kawu, lafiyata ƙalau," in ji shi. "Hanyar da na bi na fito ana ce mata Tor, tana ɓoye mai magana da inda yake. Ita ma sun toshe manyan ƙofofinta, amma akwai mutane a duniya da ke ara mana kwamfutarsu mu ratsa ta ciki. Kamar a rufe titi, a riƙa bi ta zauren wani ana fita ta ƙofar baya. Mai gidan ba ya ganin fuskar mai wucewa, ba ya sanin abin da ya ɗauko. Ɗan abu ne kawai ake ƙara wa burauza, wato manhajar shiga intanet. Kwamfutar Yaya wuni take a kunne. Don Allah ka sa mata, mutane da yawa a nan suna nema."

Na dube ta. Ta ce, "Ni dai kada a lalata mini kayan aiki." Amma tuni ta tashi daga kujerar.

Aikin bai kai a dafa shayi ba. Na buɗe burauzar da take shiga intanet da ita, na je wajen da ake ɗauko ƙarin kayan aiki, na rubuta sunan da ya turo, na danna, aka tambaye ni ko na yarda na ce na yarda. Sai ga wani ɗan zane ya bayyana can a kusurwar sama, mai rassa kamar furen da ake ɗinkawa a tsakiyar hula. An ce hoton ƙanƙarar ƙasashen sanyi ne, mu dai fure muka gani, fure kuma muka ci gaba da ce masa. Na kunna shi, ya yi launin shunayya.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan. In wani yana ratsawa zai koma kore. A nan ƙasa kuma yana nuna mutum nawa suka wuce daga jiya zuwa yau. Sharaɗin ɗaya ne, kada ki rufe burauzar, kada kwamfutar ta mutu."

Ta shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Can ta ce, "Masu bi ta nan ɗin, 'yan wace ƙasa ne?"

Na gane tambayar da ke ƙarƙashin wannan, sai na tura masa ita a fili. Amsar ta iso bayan kwana biyu, yana dariya. "Ba a zaɓa, Kawu. Akwai na'urar da ke haɗa mai nema da duk kwamfutar da ta samu ba kowa a kai, gada muke ce mata, kuma gadojin dubbai ne. Amma wa ya sani, wataƙila wata rana in faɗo ta Yaya." Wasa yake yi. Ita kuwa duk bayanin ya wuce ta bayan kunnenta, "wataƙila" ɗin kaɗai ta tsinta ta ƙulle.

Ina zaune ranar da furen ya fara zama kore. Ba ta ko yi tunani ba na ji ta ce, "Wa alaikumus salam." Na yi dariya har da buga ƙafa.

"Wa ya yi miki sallama?"

"Mutum ya shigo mini shago in ƙi amsa masa? Ai ni ba a Makarfi aka raine ni ba."

Ranar da ba zan manta ba Laraba ce, lokacin rajistar jarrabawa. Shagon ya cika maƙil da iyaye da ɗalibai, ga kuma Alhaji Maiwada, yayan marigayi mijinta, zaune a benci yana jiran a buga masa takardar gona. Ni ma tsautsayi ne ya kawo ni a tsakiyar mako. Wayata ta yi ƙara, na duba, kira ne kai tsaye daga Zakiyyu, na farko cikin wata guda. Muryar tana zuwa tana yankewa. Muka gaisa sama-sama, ya tambayi Inna, ya tambayi ƙanwarsa Farida da ke aure a Kudan. Sai ya ce:

"Kawu, kana shago? Ba Yaya wayar. Ina so in ji muryarta, ko sannu ce."

Bai taɓa roƙon haka ba. Duk shagon ya ji, don na buɗe muryar kamar kullum. Na miƙa mata. Na ga hannunta ya taso daga kan madannan, wallahi na gani. Sai ta dubi Alhaji Maiwada, ta dubi matan da ke tsaye, hannun ya koma.

"Ka ce masa ina aiki," ta ce. "Ya mai da hankali ga karatu."

Alhaji Maiwada ya gyaɗa kai, irin na an yi daidai. Zakiyyu ya yi 'yar dariya ya ce, "To, a gaishe ta." Layin ya katse.

Daga ranar ba mu sake jin sa ba.

Makon farko muka ce toshewar ce ta ƙaru. Mako na biyu na tura saƙo ya fi talatin, ko ɗaya bai nuna ya isa ba. Na uku na hau mota zuwa Kaduna, ofishin da ya tura su karatu, wani mai ƙaton teburi ya ce mini ana bincike, in bar lambata. Na rubuta ta a wata takarda da na tabbata a ranar aka naɗe gyaɗa da ita.

Uwaliya ba ta tambaye ni yadda muka yi ba. Abin da ta yi shi ne ta sayar da ragon da take kiwo, ta sa aka kafa mata sola a kan rufin shagon, don ɗauke wuta ya daina kashe mata kwamfuta. Matar da a da sai hantsi take buɗewa ta koma tana idar da sallar asuba take fitowa. In za ta rufe da magariba sai ta bar na'urar a kunne, ta leƙa ta taga sau biyu kafin ta tafi. Wani ɗalibi ya zo duba sakamakonsa ya rufe burauzar bisa kuskure, ta yi masa tatas har uwarsa ta zo ba da haƙuri, ita kuma ta rasa bayanin da za ta yi mata. Aikinta ya ragu, don rabin hankalinta yana kusurwar sama. Ta rame, zanenta ya fara zagaye ta fiye da da.

Farida ta haihu a cikin waɗannan makonni. Jikar Uwaliya ta farko, amma ta ce ba za ta je suna Kudan ba sai in na yarda na zauna gadi. Na bar ajina na zo na wuni ina kallon fure. Kafin la'asar ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Nawa suka wuce?" Na ce huɗu. Ta ce, "Ka amsa musu?" Na yi mata ƙarya na ce na amsa.

Wata safiya ruwa ya kama ni ina sauka daga mota, na ruga na fake a ƙarƙashin kwanon shagonta. Ƙarar ruwan ta hana ta jin zuwana. Babu kowa a ciki sai ita, ta jawo kujera dab da kwamfutar, furen kore shar. Magana take yi ƙasa-ƙasa.

"Masarar Inna ta yi kyau bana, har ta fara goyo. Farida ta samu mace, mai kama da kai ce, har goshin. Ka ci abinci kuwa? An ce akwai sanyi wajenku, rigar nan mai kauri da na sa a ƙasan jaka, ni na sa, ba Inna ba. Ran nan da ka kira, mutane ne suka yi yawa. Ka sake kira. Ko gaban waye zan karɓa."

Na tsaya a waje har ruwan ya jiƙa mini baya. Da na shiga, maimakon in yi shiru, sai baƙin cikina ya fito a matsayin faɗa, wanda shi ne halina tun ina yaro. Na ce mata wannan abu ba waya ba ne, ba ya ɗaukar murya. Na ce gadoji dubbai ne, har na fara yi mata lissafin yiwuwar a ce shi ne, kamar ina gaban allo. Na ce na'ura ba ta san jini ba.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ɗan'azumi, shekara nawa na yi ina aiki da na'ura? Na san ba ya ji. Amma in ya zo wucewa, gara ya tarar da ƙofata a buɗe. Abin da ya roƙe ni guda biyu ne a duniya. Ɗaya na hana shi."

Ban sake yi mata lissafi ba. Har gobe ina jin kunyar wannan safiya.

A mako na bakwai, ina cikin aji aka ce ina da baƙo. Wani saurayi ne dogo, ya ce sunansa Salman, ɗan nan Makarfi ne, tare suke karatu da Zakiyyu, shekaranjiya aka samu aka dawo da wasunsu gida. Bai san gidan su Zakiyyu ba, abin da ya sani kawai yana da kawu mai koyar da lissafi, sai ya bi makarantu yana tambaya. Tun daga yadda ya durƙusa ya ƙi tashi na gane.

Ciwon ciki ne. Ya kwana biyu yana daurewa, da aka kai shi asibiti abin ya riga ya fashe a ciki. An yi masa aiki ranar Laraba da yamma, ya cika ranar Lahadi. Su Salman suka yi masa sutura, aka binne shi a can.

"Laraba?" na ce.

"Eh, Malam. A gadon asibiti ya kira ku, ni na riƙe masa wayar. Ya ce kada a faɗa muku, hankalinku zai tashi a banza. Ya ce dai bari ya ji muryar Yaya kafin a shiga da shi."

Na tambaye shi me ya sa mako bakwai ba wanda ya sanar da mu. Ya ce wayar Zakiyyu a kulle take, ba wanda ya san lambar buɗe ta. Makaranta kuma ta yi ta kiran lambar da ke kan fom ɗinsa, wajen da ake sa makusanci, ba ta shiga. Sunan Haliru ne a wajen, da layinsa da ya mutu tare da shi. Uwaliya ce ta buga wannan fom, ina zaune ta buga shi. Na ce mata ta sa sunanta da lambarta a layi na biyu, ta ce Allah ya kiyaye ta rubuta kanta a takardar yaron Inna, ta bar wajen fari fat.

A mota na roƙi Salman alfarma ɗaya. Na ce maganar asibiti da kiran nan ta tsaya tsakaninmu.

Mun isa Ikara da azahar. Tana ganin na shigo da baƙon saurayi, ba ranar Asabar ba, ta sallami matar da take yi wa aiki. Na faɗa mata a tsaye, don na kasa zama. Ta yi salati, ta maimaita innalillahi sau uku, muryarta ba ta ko girgiza ba. Ba ta yi kuka ba. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane, ko a wannan ranar al'adar ba ta sake ta ba, kuma ban taɓa tsanar abin kamar lokacin ba.

Tambaya ɗaya ta yi wa Salman. "Wace rana?"

Ya faɗa. Ta juya ga kalandar da ke bango, ta ɗaga shafi ɗaya, ta ɗaga na biyu, ta sa yatsa a kan Lahadin. Daga nan yatsan ya ja baya a hankali, gida huɗu, ya tsaya a kan Laraba. Ta daɗe a haka. A nan na san alfarmar da na roƙa a mota ba ta da sauran amfani.

"Kenan duk waɗanda nake ta amsa wa," ta ce, ba ta ƙarasa ba.

"Ba shi ba ne, Uwaliya."

"Ko sau ɗaya."

"Ko sau ɗaya."

Na fita na samo mota da za ta kai mu Paki, don can za a yi zaman makoki, kuma har lokacin ba wanda ya faɗa wa Inna. Labari ya riga ya fara zagaya titi, 'yan acaba sun kashe injuna sun taru a bakin shagon. Na dawo na tarar ta yafa mayafi tana zaune a kujerarta. Direba yana ta danna ham. Na rufe taga, na zare wayar firinta, na miƙa hannu zan kashe kwamfutar.

Ta riƙe mini wuyan hannu. Tun muna yara rabon da ta taɓa ni.

"Akwai mutum a kai," ta ce.

Na duba. Kore ne.

"Uwaliya, mota na jira. Inna na can ba ta sani ba."

"Ɗan wani ne. Bari ya gama." Sai a nan muryar ta karye. "Wataƙila shi tasa uwar ta karɓa."

Na leƙa na ce wa direban ya kashe motar. Salman ya zauna a bakin benci, ni na tsaya a jikin ƙofa, muka yi ta jiran wani da ba mu san sunansa ba ya gama magana.